Sun Ce In Cire Hausar

Yaya Datti,

Assalamu alaikum. Ina gaida Baba da Inna da kowa na gida. Yaya ƙafar Inna? An samu ruwa a Fagam kuwa?

Na iso Gana lafiya, taron masu rubuta manhaja yana tafiya. Abincinsu ne bai karɓe ni ba, amma da sauƙi.

Jiya na nuna tawa manhajar, mai gaya wa manomi da murya ciwon da ya kama dawarsa. Sai da jama'a suka fara watsewa aka kira ni na hau dandamali. Da na sauko, wani mai kamfani ya ce zai ɗauke ni aiki in na cire Hausar na sa Turanci, wai masu saye ba sa jin Hausa. Na ce ai don Babana na yi ta. Ya yi murmushi, ya ce in yi tunani zuwa Juma'a.

Yaya, na gaji da neman aiki, kuma na kasa ce masa a'a. Ka ce Baba ya sa ni a addu'a, amma kada ka faɗa masa dalili.

Ƙanwarka,
Khairiyya