Farce Ya Iso, Katantanwa Ba Ta Iso Ba

Zuwa ga Yayata Khairunnisa, a Port Sudan,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa mai kewa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki a kan ƙafafunki, Ya kawo muku zaman lafiya a ƙasar da kuke. Mu nan Daura alhamdu lillahi, gero ya yi kyau a gonar Baure, ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi, an kuma sa bikin 'yata Zulfa bayan Sallah.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani mutum, Dabo, da ya shigo ta iyakar Kongolam ya yi sallama a gidanmu da ƙullin farce, ya ce ke kika aiko don turaren amarya. Na jiƙa, na soya kaɗan, na sa a garwashi. Ba kofaton saniya ba ne irin wanda ake cutar mutane da shi a kasuwa, farce ne na gaske, murfin bakin dodon koɗin tekunku. Wallahi da jabu ne da hankalina ya fi kwanciya.

Tun da kika tafi, kin taɓa aiko farce ba ki kankare naman jikinsa ba? Wannan da ƙarninsa ya zo, har ƙudaje suka biyo shi. Kuma babu katantanwa a ciki. Ke da ba kya ɗaure ƙulli sai kin jefa ɓawon dodon guda, mai ruwan hoda a baki, don Zulfa ta kara a kunne ta ji tekun Goggonta. Ga su nan jere a kan kabad, tun tana rarrafe. Na zazzage ƙullin har ƙasa, babu.

Na tambayi Dabo yaya ya baro ki, ya ce lafiya lau, yana kallon takalminsa. Na ce a hannunki ya karɓa? Ya ce mijinki ne ya miƙo masa a ƙofa, wai kina ciki kina hutawa. Ke da hutu da rana tsaka! Wayarki ba ta shiga tun kafin azumi, mijinki kuwa in ya ɗauka sai ya ce layi ba kyau. Ina jin tsoro, Yaya. Ban yarda da su ba, kuma ban faɗa wa Inna ba.

Zulfa ta tambayi katantanwarta, na ce tana hanya. Farcen na rufe shi, ba zan haɗa turaren da shi ba. Kada ki aiko da saƙon baki, kowa na iya cewa kin ce. Ki aiko ɓawon nan guda, ko fasasshe ne.

Inna na sa miki albarka. Audi da Maijidda da Hafizu na gaishe ki. Ki gaida ɗanki Mahdi da ƙannensa.

Taki mai jiran katantanwa,
Ummukulsum