Kifayen Manaja Sun Shanye Nonon Inna

Zuwa ga Manajan cibiyar koyon kwamfuta ta bayan tasha, Gummi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Ni ne Lawali na Gwashi, mai kujera ta bakwai, wanda kake ce ma mai nauyin hannu.

Ranar Talata da safe na riga kowa zuwa, na iske injiniyan da ka kira ya buɗe ɗakin Inna. Ga wanda bai sani ba, Inna ita ce babbar na'urar da ke ɗakin baya. Kwamfutocinmu goma allo ne kawai da madannai, duk daga jikinta suke tsotso, shi ya sa munka raɗa mata sunan. Na tambayi injiniya abin da ke damun kujerata. Ya nuna min furosesa, wato ƙwaƙwalwar Inna, ya ce kashi takwas ce. Ni dai a nawa ganewar, nono takwas.

Na ɗaya: huɗu an ɗaure su ga kwamfutar ofishinka, kana nan ko ba ka nan. Mu goma ke kokawa kan huɗun da sunka rage.

Na biyu: na leƙa tagar ofishinka a kulle don in ga aikin da ke cin rabin Inna. Ranka ya daɗe, kifaye na gani. Jajaye da masu ruwan ɗorawa suna iyo a allo, babu ko mai kallonsu. Kai kana garin Anka wurin suna.

Na uku: tun farkon damina, in na danna harafi sai in je in sha ruwa in dawo kafin ya fito. Da ka ce hannuna ne, na yarda, don ban wuce firamare ba. Na yanke farce. Na sauya kujera da Bello ɗan ajinmu, ciwon ya biyo ni, nashi bai warke ba. Innata ta gida har man shanu ta riƙa shafa min a yatsu, sai da madannan sunka fara ƙamshin fura.

Ba don Asabar ba da na ci gaba da haƙuri. Ranar za a yi jarrabawar bugun rubutu a kwamfuta, kuma da agogo ake yin ta. Mai shagon taki na Bukkuyum ya ce sai ya ga takardata zai ɗauke ni aiki, in babu, ɗan ƙanensa na jira. Agogo kuwa bai san rabon Inna ba.

Ba na neman a hana ka naka. Ko Bafulatana in tana tatsa tana rage ma maraƙi. Injiniya ya ce ana iya kwance ɗaurin, in ba ka nan mu sha takwas ɗin, da ka zauna rabonka ya koma gare ka, kuma aikin bai kai tsawon alwala ba. Roƙona ka ba shi izini kafin Asabar. Sannan ka janye maganar nauyin hannu, don ta kai Gwashi, har gidan su yarinyar da nake nema.

Allah ya ƙara girma, ya sa ka gama lafiya, ya raya jaririn da anka raɗa ma suna.

Wanga abu ba ni kaɗai na gani ba. Malam Sani mai gadi ya gani, Hajara mai kujera ta uku ta gani, Bello ma ya leƙa. Kifayen ma suna wurin, sai dai ban sa ran su ba da shaida kan mai ciyar da su ba.

Wassalam.

Lawali na Gwashi