Burtuntunar Baba da Yis ɗin Dinatu

Birnin Kudu,
4 ga Nuwamba, 1996.

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya, da Inna da mutan Basirka duka. Ya ƙafar taka?

Zangarniyar dawar da ka aiko ta iso. Na tausaya maka, Baba, rabin ƙwayar ta zama baƙin gari, burtuntuna ce sosai. Na ɗebi garin na shuka shi a faranti a ɗakin gwajinmu. Bayan kwana huɗu na duba a madubin da ke ƙara girman abu, sai ga ƙananan ƙwayoyi suna toho, sak yis ɗin da ake sa wa burodi. Nan take na tuna ruwan wankin kwanukan ƙullun Dinatu, mai gashin burodi a ɗakinka da ke bayan gidanmu, da yake gangarawa gonarka. Ban dai yanke hukunci ba, amma ka sa ido. Na aika wa malamina na Zariya faranti ɗaya. Ka ga karatun 'yarka ya fara amfani.

'Yarka,
Ummussalma.

Birnin Kudu,
9 ga Disamba, 1996.

Baba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wannan takarda da kunya nake rubuta ta.

Inna ta aiko min cewa ka ba Dinatu zuwa ƙarshen wata ta kwashe kayanta. Shekara goma sha ɗaya tana ɗakin nan, ita ta yi jinyar Inna lokacin da nake makaranta, kuma bakina ne ya ja mata. Wallahi raina ya ɓaci da kaina.

Amsar malamina ta zo, ya nuna min kuskurena ƙarara. Ya ce kama da ido ba ita ce dangantaka ba. Burtuntuna takan ɗauki siffar yis idan tana faranti, amma asalinsu ya rabu tun da daɗewa. A jerin dangi ta fi kusa da naman kazan da ke fitowa a juji da damina. Ya ce in zuba kowanne a ruwan sukari. Na yi. Kwalbar yis ta cika da kumfa, ta burtuntuna ko motsi. Da na yi wannan tun farko, da ban yi maka surutu ba.

Ga mai ɗacin. Cutar a jikin iri take zuwa, a irin farfarar nan ta Kaka da kake ajiyewa a rumbu kana shukawa duk shekara. Na san yadda kake ji da ita, kuma ba sai ka zubar ba. A gauraya ta da maganin iri kafin shuka, zan kawo shi. Amma don Allah, Baba, ka taka da ƙafarka ka je wurin Dinatu. Ka ce laifin nawa ne, gaskiya ce ma.

'Yarka mai neman gafara,
Ummussalma.

Birnin Kudu,
20 ga Disamba, 1996.

Baba,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Na ji ka je, kuma Dinatu ta kwance kayanta. Na gode.

Abu ɗaya ya hana ni sakewa. Inna ta ce har yau Dinatu ba ta zubar da ruwan wankin a bayan ɗakinta. A ka take ɗaukarsa, sau uku a rana, ta kai can bakin rafi, ga ciwon bayanta. Wai ta ce kai alheri ne ya sa ka janye, amma Ummu mai ilimi ba za ta faɗi abin da ba ta gani ba.

Ran Asabar ina tafe da maganin irin da kwalabe biyu. A gabanta zan zuba sukarin, ta gani da idonta. Kada Inna ta dafa min komai, ɗakin Dinatu zan fara sauka.

'Yarka,
Ummussalma.