Binta ta wanke kwalayen

Laraba, 12 ga Fabrairu, 1986

Yau na kusa dukan Binta, Allah ya kiyaye.

Kwana huɗu na yi ina yanka kwalin sabulu, ina rubuta ba, be, bi da tawada saboda 'yan aji ɗaya, tunda littafin karatu guda ɗaya ya rage mana, shi ma babu bango. Shekaranjiya na ba ta guda goma ta gwada a gida. Da la'asar ina dawowa daga ban ruwan tumatir na tarar da ita a bakin kanal, ta shanya su a kan ciyawa. Duk sun jiƙe, babu ko ɗigon rubutu.

Na daka mata tsawa. Ta dube ni da mamaki ta ce, "Baba, ai na haddace. A makarantar allo in ka haddace wankewa kake yi, Malam ya rubuta maka sabo."

Na ce ƙarya take. Na tsuguna na rubuta "albasa" a ƙasa da tsinke. Ta bi da yatsa a hankali, ta karanta. Na rubuta "Bunkure", shi ma ta karanta. Sai kunya ta kama ni. Shekararta shida.

Har yanzu ina jin zafin kwalayen nan, ba zan ɓoye ba. Amma gobe zan je wurin kafinta ya yanko mini ƙananan alluna. Su rubuta, su wanke. Ruwa dai Allah ya hore mana shi a garin nan.