Dugaduganki a Jikin Rumbu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hawa, wadda ke kwance a maƙabartar Tabla.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabin da ya wajaba a kan ɗiya, ina fatan Allah ya yalwata miki makwanci. Ni ce Zalika, wadda kika tura lakwal, wato makarantar boko, kika kuma riƙa kira Madam tun ban kai ko'ina ba. Na san ko da kina raye ba ki karanta takarda, balle yanzu. Amma ina da tambaya, na yi wata uku ina juya ta, kuma ke kaɗai ke da cikakkiyar amsarta. Inna, me kike yi a gindin rumbu?

Bari in soma da abin da ya taso da maganar. Na haura sittin yanzu, na ajiye alli. Shekarun da na yi tsaye gaban allo sun bar mini ciwon ƙugu, irin wanda ke sauka har ƙafar hagu. Autana Abdu, wanda kika bari yana rarrafe, ya shiga soja kamar rabin samarin ƙasarmu ta Kurfai, an kai shi wajen iyaka. Tun da sojoji suka sake karɓar mulki, hanyoyi suka ƙara lalacewa, sai in yi sati biyu ban ji muryarsa ba. Barci ya ƙaurace mini. Da rana ina hamma ina faɗa da kowa, har kajin gidan sun san hannuna.

Da abin ya yi yawa aka kai ni likita a Yamai. Aka yi hoto, aka ba ni ƙwayoyi, sannan aka tura ni wurin wata mata da suke kira kine, mai gyaran gaɓoɓi da motsa jiki. Yarinya ce, ba ta wuce sa'ar ɗiyata ba. Ta ce za ta koya mini wani abu da ake kira yoga, wai daga Indiya ya samo asali. Na ce mata ni abin da na sani na Indiya rawa ce, kuma ƙuguna ya wuce nan. Ta yi dariya ta shimfiɗa tabarma.

Ta sa na durƙusa na gantsare baya kamar mussa ta tashi daga barci. Ta sa na zauna kan dugadugaina na kai goshi ƙasa, har na tsaya na tambaye ta ko wa ake yi wa wannan sujada, ta ce babu kowa, ƙashin baya ake buɗewa. Can ƙarshe ta ce in kwanta rigingine dab da bango, ta naɗe zane ta sa mini ƙarƙashin ƙugu, ta ɗaga ƙafafuna biyu ta jingina su sama. Ta ce in shaƙi iska ta hanci ina ƙidaya huɗu, in sake ta a hankali ina ƙidaya shida, in yi minti ashirin a haka kullum, kada kowa ya katse ni.

Ina kallon yatsun ƙafata a sama sai na farga. Na san wannan kwanciya. Taki ce.

Kin tuna? Bayan babban farin nan, lokacin da sojojin farko suka hau mulki suna raba hatsi da mota, Baba ya tafi Kurmi, can kudu, neman abin rufin asiri, ya bar miki gona da mu biyar. Ki tashi da asuba ki je rijiya, ki yi daka, ki kai fura gona, ki kama hauya. Amma da an yi azahar sai ki ja tabarma zuwa inuwar rumbun ƙasa da ke bayan ɗakinki, ki kwanta, ki ɗora ƙafafu a jikinsa, ki rufe ido. Har gurbi biyu dugaduganki suka yi a jikin rumbun, sun yi sumul, nakan sa yatsa a ciki idan ba kya nan.

Mu abin da muka tashi muka tarar shi ne, kina sauraron iskokin gidanku. Kakarmu 'yar bori ce, kowa ya sani, kuma ko da kina salla ba a manta daga inda kika fito ba. Da kin kwanta gidan yake yin tsit. Ƙannena su daina kuka, maƙwabta su zo aron rariya su koma daga bakin danga. Ko Baba da ya dawo, in ya shigo ya gan ki a haka, da yatsun ƙafa yake tafiya. Wata rana wata mata ta kawo miki jar kaza don ɗanta mai zazzaɓi, kika mayar mata da abarta kika ce ta kai shi likita Filinge. Mutane suka ce ai iskokin ne suka umarce ki da haka.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Ina kolej a Filinge, na zo hutu da wata ƙawata, ɗiyar wani babban jandarma, 'yar birni mai takalmi da safa. Mun sauka daga mota da azahar. Tun daga nesa na san inda za mu same ki. Na ce mata ta tsaya ta sha ruwa a gidan maƙwabta, na ruga, na iske ki ƙafafu sama. Ban gaishe ki ba. Hannu biyu na sa na saukar da ƙafafunki, na ce ki tashi don Allah kada ki ba ni kunya.

Kika buɗe ido kika dube ni. Kika mirgina gefe, kika dafa ƙasa, kika miƙe a hankali da hannu ɗaya a ƙugu. Abin da kika ce kawai shi ne, "To, Madam, na tashi." Kika je kika dama wa baƙuwata fura. Daga ranar, duk hutun da na zo, ban sake ganin ki a gindin rumbu ba, sai na koma lakwal kike komawa. Ni kuwa na ɗauka na raba ki da duhun kai, har ina jin daɗin kaina.

Da na dawo gida Filinge daga Yamai na tara mutanen gidan, na yi musu bayani irin na tsohuwar malama. Na ce motsa jiki ne, likita ya sa ni, babu wani abu a ciki. Kin san me ya biyo baya? Da na ɗaga ƙafa sai Rakiya matar ɗana Isufu ta leƙo tana tambayar makullin ɗakin hatsi. Jikoki su zo su kwanta gefena suna kwaikwayo suna ƙyaƙyatawa. Mai nono ta tsuguna a kaina tana ba ni labarin rashin lafiyar saniyarta. Tunda motsa jiki ne, kowa ya ga ba komai ba ne. Na yi kwana goma ban taɓa kaiwa minti biyar ba, ƙugu yana nan, barci bai dawo ba.

Sai ranar wata kasuwar Lahadi, wata tsohuwa 'yar Tabla da ta san ki ta biyo ta gaishe ni. Ta shigo ta gan ni kwance jikin katanga. Ta kusurwar ido na ga ta tsaya cak, ta tuɓe takalmi, ta ja da baya. Kafin kwana biyu gidana ya koma irin naki. Babu mai leƙowa, babu mai neman makulli. Na samu minti ashirin ɗina cif. A cikin sati na soma tashi da safe ba tare da na dafa bango ba, kuma na yi barci irin wanda na manta da shi. Ba zan ce na warke ba, ƙwayoyina suna nan, zuciyata ma tana wurin Abdu, amma na samu sauƙi. Na san abin da ake faɗa a gari, na yi shiru, kuma gaskiya shirun ya yi mini daɗi.

Isufu ne bai ji daɗi ba. Babban ɗana ke nan, jikanki mai kunya, wanda yanzu yake da gemu da sahun gaba a masallaci. A can ya ji ana cewa Hajiya ta gaji uwarta. Ya zo ya zauna nesa da ni, kai a ƙasa, ya roƙe ni ko in daina ko in fito in gaya wa mutane gaskiya. Ina kallonsa ina ganin kaina a gindin rumbu. In na faɗi gaskiya na rasa hutuna, in na yi shiru na bar ɗana da kunya, na kuma bar ƙarya tana yawo da sunana da naki.

Shi ya sa na hau mota na tafi Tabla wurin ƙanwarki, Inna Gambi. Ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, amma baki yana nan yadda kika san shi. Na tambaye ta wane iska ne kike saurare. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Wane iska? Ƙugu na, ɗiyata. Ƙugu na da gajiya." Ta ce tun haihuwata kika samu ciwon, wata rana kika kwanta haka don kin rasa yadda za ki yi, kika ji sauƙi. Wata maƙwabciya ta gan ki ta ja da baya, ke kuma kika lura babu wanda ya kira ki har kika tashi. Ba ki taɓa cewa iskoki ne ba, ba ki kuma taɓa cewa ba su ba ne.

Tun haihuwata, Inna. Wannan ban sani ba sai ranar.

Na ɗauka magana ta ƙare, har na ɗauki mayafina, sai ta riƙe mini hannu. Ta ce shekarun ƙarshe kin taɓa ce mata, "Gambi, in lumfashi ya kwanta akwai abin da nika ji, amma ban san ko mi na ba." Ita ma ba ta matsa miki ba. To ni ga ni ina matsawa. Me kike ji? Don ni ma, wajen minti na goma sha biyar, idan ƙidayar ta ɓace mini, akwai wani shiru da ke sauka wanda ban san sunansa ba. Na tambayi yarinyar Yamai a waya, ta ce jijiyoyi ne suke saki. Wataƙila haka ne. Ina dai son in ji naki bayanin, ke da kika gano abin da kanki, ba ki san akwai wata ƙasa Indiya ba. Wa ya ce miki ki naɗe zane ƙarƙashin ƙugu? Kina ƙidaya numfashi ko kuwa? Da kin ji an ba abin suna har ana koyar da shi a likita, dariya za ki yi ko tsaki?

Da na koma Filinge na kira Isufu na ba shi labarin duka, har da ranar da na saukar miki da ƙafafu, wadda ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ce ya je ya faɗa wa duk wanda ya ga dama cewa babu iska a gidan nan, ciwon ƙugu ne. Amma da sharaɗi ɗaya. Tunda shi zai kore mini abin da ke tsare mini ƙofa, sai shi ya tsare ta.

Ya ce ya ji. Yanzu kullum in ya dawo daga azahar, kafin ya koma shago, yakan ɗauki kujera ya zauna a bakin zaure da carbinsa. Ina kwance ina jiyo shi yana cewa duk wanda ya yi sallama, "Hajiya na hutawa, a komo an jima." Ya faɗa wa mai nono, ya faɗa wa matarsa, jiya har limamin unguwa ya faɗa wa, kuma babu wanda ya yi fushi.

Ranar farko da na ji ya faɗi haka, kuka na yi, ƙafafuna a sama, hawaye na shiga mini kunne. Kalmomin ba su da yawa, Inna, kuma ina da su a bakina tun ina kolej. Da na tsaya a bakin danga na ce wa baƙuwata uwata tana hutawa, mu jira, da ta jira. Ki yafe mini. Kowane hutu ina zuwa da murna, ban san ina zuwa in ƙwace miki ɗan abin da kike da shi ba.

Rumbunki ya daɗe da rushewa, na duba wurin da na je, gero aka shuka. Amma katangata ta soma yin gurbi biyu, kuma na hana a shafe su.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya sa kin huta hutun da babu mai tashin ki sai ranar tsayuwa. Ya dawo mini da Abdu lafiya, ya yi wa Isufu albarka, ya ba Inna Gambi sauƙin tsufa. Idan tamu ta zo, ya haɗa mu, in zauna kusa da ke in jira har ki buɗe ido da kanki, sannan in yi tambayata.

Ɗiyarki,
Zalika, wadda kike kira Madam,
daga Filinge.