Ɗaurin Baba

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Babur ɗin Baba ya sake kunyata ni, a kan hanyar Watari, da kwando biyu na tumatir a baya. Irin tsohon nan ne da in batir ya mutu, wuta ba ta zuwa fulogi, ko ka yi ta kik har ƙafa ta kumbura. Na turo shi har gida, mutane suna min sannu da kiwo.

Yaya Ja'afaru ya yanke magana: tun rasuwar Baba shekara biyu ke nan ina lallaɓa gawa. In ranar Lahadi babur bai je kasuwar Ɗanbatta ya dawo da ƙafarsa ba, za a bai wa 'yan gwangwan. Gado ne, yana da bakin faɗa. Amma wallahi raina ya ɓaci. A kan tankin nan aka fara kai ni makaranta.

Talata, 4 ga Fabrairu

Na zuba ruwan batir, na kai an yi caji a shagon masu waya. Ya tashi fes! Hon kamar sabon ango. Kafin la'asar ya koma kukan ɗan akuya, sannan ɗif.

Ramlat ta ce in da ita nake yi wa irin wannan jinyar, da ta yi ƙiba. Matar mutum ke nan.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Bagwai, wajen Basiru bakanike. Ya sa mitarsa, ya ce batir lafiya lau, kwil yana ba da wuta, fiyus bai ƙone ba. Wutar tana fitowa, ba ta isa batir. Wai a hanya ake tare ta.

Da ya ɗaga kujera sai ya ga dunƙulen nan da Baba ya naɗe wayoyi da robar taya, ya bi da zaren buhu. Ya ɗauko reza. Na riƙe hannunsa. Na ce ko'ina ya taɓa, ban da nan. Baba ne ya ɗaure da hannunsa, ina tsugune ina riƙe masa kujerar, kuma abin da Baba ya ɗaure ba ya kwancewa. Haka yake ɗaure bakin tiyon ban ruwa, haka yake ɗaure ƙotar fartanya.

Basiru ya ce, "Malam Kamaru, Allah ya jiƙan Baba, amma wutar lantarki ba ta san shi ba."

Na ɗauko kayana na taho. Mara kunya.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na canza fulogi. Ba ruwan fulogi, na sani. Don dai in ce na yi wani abu.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Bayan masallaci Yaya ya leƙo zaure, ya daɗe yana kallon babur ɗin, sannan ya fita. Saura kwana biyu. Tuwo ma bai shiga ba, ni da ake ɓoye wa tukunya.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Da hantsi, ba kowa a zaure, na yi bismilla na sa reza da kaina.

Kai! Wayar ciki ta zama kore shar, ta ruɓe, sili ɗaya ne ya rage. Murɗa su kawai Baba ya yi, robar kuma ta riƙe ruwa, damina nawa, ga wankin da nake yi wa babur ɗin a bakin dam duk mako. Ashe da ni da Baba muka haɗu muka kashe shi. Na zauna na yi ta dariya, sai kuma na ji idona ya cika.

Na tura shi Bagwai. Basiru bai ce ai na faɗa maka ba, ya dai yi ta fito yana liƙa wayar da dalma. Allurar mita ta haura. Na sayo masa rake.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Mun je Ɗanbatta! Yaya ya ce sai ya gani da idonsa, don haka na goya shi. Duk ƙauyen da muka wuce sai na danna hon, har ya ce in bari, ba biki za mu ba.

Da za mu dawo ya tsaya yana shafa kujerar, ya ce ko zan ba shi ya ɗan ja. Tun da Baba ya rasu ban bar kowa ya riƙe kan babur ɗin nan ba, kuma ban taɓa tambayar kaina ko yana so ba. Na ba shi. Tuƙinsa sai a hankali, giya yake sawa kamar mai daka. Amma daga baya ƙeyarsa ta Baba ce sak, har da yadda hular ke karkacewa. Haka muka taho har gida. Shi kuwa bai tayar da zancen 'yan gwangwan ba.

Na ce ya riƙa ɗauka Laraba da Asabar. Ba don komai ba, Basiru ya ce batir yana son tafiya.