Kan Tsohuwa a Jakata

Litinin, 6 ga Mayu 2024
Mushe Maliki, kamar yadda muke kiran malaminmu na tarihi, ya haɗa ni da Kezia. Za mu gina labarin jarumin da ya kashe macijin rijiya, a kan katako. Ni ko tukunya ban iya zanawa ba, amma Kezia hannu gare ta.

Asabar, 11 ga Mayu
Kezia ta kawo yumɓu gidanmu daga Jiratawa. Na yi ganuwa da rijiya, duk a karkace. Ita ta yi jarumin, da doki, da tsohuwar da ta sauke shi. Muka bar aikin a ɗakina, don ba zai kai garinsu Tsibiri a kan babur ɗin kabu-kabu lafiya ba. Kakata Hajiya Tasalla ta dama mata fura kamar kullum. Ba ta leƙa ɗakin ba.

Lahadi, 12 ga Mayu
Yau ta leƙa. Ta ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da mutum-mutumi, ko in fitar da su ko in cire kawunan. In fitar zuwa ina? Na cire. Da hannuna.

Litinin, 13 ga Mayu
Kezia ta daɗe tana kallo. Na so ta zage ni. "Safi, da kin kira ni, ai da na zo na kwashe su," ta ce. Shi ke nan.

Alhamis, 16 ga Mayu
Mun nuna aikin haka nan. 'Yan aji sun sha dariya, wai macijin ya cinye kan kowa. Ba dariyar ta dame ni ba. Kezia ta koma benci na baya.

Asabar, 18 ga Mayu
Ba ta zo ba.

Jumma'a, 24 ga Mayu
Na zubar da sauran, amma kan tsohuwar yana jakata, ban san dalili ba. Yau na dube shi da kyau. Tsagar da ke kumatun ta Hajiya ce, har da giɓin haƙorinta. Kezia ba ta taɓa faɗa mini ba.
Ɗazu Hajiya ta ce, "Wai ina ɗiyar nan ta Tsibiri? Fura na ta tsami." Na ce karatu ya yi mata yawa.
Na tambayi Jibo direbanmu ko yana da hanya ta Tsibiri gobe. Tambaya kawai na yi.